Mage Ta Sa Baki, Baƙi na Zaure

Da zarar an kau da amfanin gona a ƙasar Buji, abu biyu ake saki a tare, dabbobi da bukukuwa. Akuyar da ta sha ɗauri a turke tun saukar damina don kada ta shiga gonar mutane, yanzu an kwance mata igiya, gari ya zama nata. Magidancin da ya ɗage auren 'yarsa zuwa kaka ya sayar da riɗi ko gyaɗa, ya sa rana. Daga Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar, har ƙauyukan da ke maƙwabtaka da Birnin Kudu, da wuya mako ya wuce ba a ɗora manyan tukwane a wani gida ba. Tsakar gidan da ake girkin kuwa ita ce inda kaji ke kiwo, ita ce hanyar mage zuwa rumbu, nan ne kuma tunkiyar uwargida ke kwana. Ba wanda ya gayyace su, amma sun riga kowane baƙo zuwa.

Don haka abin da za mu tattauna ba baƙon abu ba ne ga duk wadda ta taɓa tsayawa a kan tukunyar suna ko ta walima. An kwashe tuwon shinkafa an jera a kwanuka, yarinyar da aka sa tsaro ta leƙa kallon masu shigowa, kafin ta dawo mage ta ture faifai tana lasar man da ya taso a kan miya. Ko akuya ta zura kai cikin daron waina. Ko kaza ta hau tiren shinkafa ta bar sawunta. A wasu gidajen Dutse, inda aka fara ajiye mage don sha'awa har ana raɗa mata suna, a kan teburin falo take yin ɓarnar, cikin naman kazar da aka soya wa dangin ango. Baƙi suna zaure, an riga an kai musu ruwan wanke hannu. Mutum biyu ko uku kaɗai suka gani. To me ya wajaba a kan masu gida?

Amsar da aka fi bayarwa da ludayi ake ba da ita. A kwalfe wurin, a gyara saman, a mayar da murfi, a ce wa yarinyar da ta gani ta kama bakinta. Kuma kada mu yi saurin zargin uwar biki. Shinkafar nan wata uku ana tara kuɗinta. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda kwanon shinkafa da kwalbar mai suka koma a kasuwar Shuwarin da sauran kasuwanninmu. Abincin ma ba na gidan kaɗai ba ne, gudummawar ƙawaye ce da 'yan uwa, bashi ne da za a rama ranar bikin wata. Wanda ya ce a zubar kawai, da alama ba shi ya saya ba. Ga kuma dangin miji a zaune, ga faccala tana ƙirga kwanukan da ke fita. Matar da ta rufe murfin nan tsoro ne ya kama ta, tsoron abin da za a ce, kuma tsoronta yana da dalili.

Sai dai idan muka tsaya muka duba, tambayoyi uku ne suka cakuɗe a cikin kwano ɗaya, mu kuma muna amsa su kamar guda ce. Akwai ta tsarki, wato ko abincin ya najastu. Akwai ta lafiya, ko zai cutar da wanda ya ci. Akwai kuma ta ƙyama, wadda ba malami ko likita da zai amsa wa mutum ita. Yawancin rikicin da ake yi a bakin murhu yana faruwa ne saboda wata tana amsa ta farko, wata tana yin ta uku.

Ta tsarki ita ce mafi sauƙi, kuma amsarta takan ba mutane mamaki, domin fiƙihun da aka karantar a zaurukanmu ya fi mu sassauci nesa ba kusa ba. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin Abu Ƙatada, wanda aka zuba wa ruwan alwala, mage ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha, ya kuma shaida wa surukarsa da ta tsaya tana kallonsa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu. Abu Dawuda ya kawo wanda ya fi kusa da batunmu. An aiko wa Nana A'isha da abinci na alkama da nama, aka same ta tana salla, aka ajiye, mage ta zo ta ci. Da ta idar, daidai inda magen ta ci ta sa hannu. Akuya da tunkiya kuwa ba a ma maganarsu, dabbobi ne da ake cin namansu, yawunsu tsarkakakke ne. Kazar da ke yawo tana tonon juji ita ce malaman Malikiyya suka tsaya a kanta. Sun karhanta ruwan da ta sha a yi alwala da shi, amma abinci ba a zubar da shi don zato, sai in an ga ƙazantar ƙuru-ƙuru a bakinta lokacin da ta sa shi.

Har kare, wanda muke gani ƙarshen ƙazanta. Hadisin wanke kwano sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki sananne ne, kuma Shafi'iyya sun ɗauke shi hujjar cewa yawun kare najasa ce mai kauri. Malik bai tafi haka ba. A wurinsa duk mai rai tsarkakakke ne, wankin bin umarni ne kawai, kuma a kan kwanon ruwa yake. A Mudawwana an ruwaito yana ganin babban abu ne a ɗauki arzikin Allah, nono ko mai, a zubar don kare ya sa baki. Mutanen Madina na zamaninsa sun san darajar ƙwaryar nono kamar yadda matar Bafillace a rugar Buji ta san ta. Inda hukunci ya yi tsanani shi ne mushe. Ɓeran da ya mutu a cikin narkakken mai, Risalar Ibn Abi Zaid ta ce a bar cin wannan man gaba ɗaya. Idan daskararre ne a cire shi da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran. Wato ita kanta dabarar kwalfe wurin tana da asali, amma ga abin da ya daskare, ba ga miya ba.

Da a ce tsarki ne kaɗai abin dubawa, da mun tashi taro a nan. Uwar biki ta kwalfe, ta rufe, ba ta ciyar da kowa haram ba. Amma halal ba ta hana ciwon ciki, kuma malaman da suka yi sassaucin ba su taɓa cewa a ci abin da zai cutar ba. A nan dabbobin ba ɗaya suke ba, kuma jerinsu a wurin likita ya saɓa da jerinsu a zuciyarmu. Akuyar da ta ciji waina biyu ta gudu, ɓarnarta ta tsaya a inda bakinta ya taɓa. Kaza, wadda ba mu cika ƙyamarta ba, ita ce ta fi haɗari, domin da ƙafa take shiga, ƙafar da ta taka kashinta, kashin kaji kuwa yana ɗauke da ƙwayoyin da ke kawo gudawa da zazzaɓi, irin su salmonela. Mage bakinta da sauƙi a kan tafin ƙafarta, saboda da shi take binne kashinta, kuma ta kashin mage ake ɗaukar wata cuta da ke iya taɓa jaririn da ke cikin mai juna biyu. Gidan suna kuwa cike yake da masu ciki da masu goyo. Karen da ba a san shi ba, ko wanda yake dalalar da yawu yana abu kamar ba lafiya, wannan ba a tsayawa lissafi, a kawar da abincin, a kuma duba ko ya taɓa wani yaro, don ciwon haukan kare ta cizo da yawu a kan rauni yake shiga, kuma in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi.

Ɓera ba dabbar gida ba ce, amma shi ne dalilin da ya sa ake haƙuri da mage, don haka sai an ambace shi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, kuma a rani ya fi tashi, lokacin bukukuwanmu. Abincin da aka dafa da dare aka bari a buɗe, aka wayi gari da kashin ɓera a gefensa, ba shi da gyara. Magen da ake jifa da muciya ranar biki ita ce take tsare rumbun a sauran kwanakin shekara.

Abin da wuta za ta iya gyarawa, a bar wuta ta gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a dafa abinci ko a ɗumama shi har zafinsa ya kai digiri 70, kada kuma a bar dafaffen abinci a ajiye fiye da awa 2 ba a wuta ba, ba a firji ba. Miyar da mage ta lasa, in an kwashe saman aka mayar da ita wuta ta tafasa sosai, ta fuskar lafiya ta fi wadda ba a taɓa ba amma tun hantsi take zaune a inuwa. A gaskiya ma, a yawancin bukukuwanmu ba mage ce ke kwantar da mutane ba, shinkafar da aka sauke da asuba aka raba bayan la'asar ce, domin akwai ƙwayar da ke hayayyafa a cikin shinkafar da ta huce, ta bar dafin da ɗumame ba ya kashewa. Wannan ba wanda yake jin kunyarsa, don ba a ga ƙafar kowa a ciki ba.

To a ce an tafasa, an tabbata ba najasa, ba cuta. Saura tambaya ta uku, kuma a nan ne muke ganin nauyin maganar yake. Shin baƙo yana da haƙƙin ya sani?

Masu cewa a'a suna da hujja mai kyau. Suna cewa abin da ba haram ba ne, ba kuma mai cutarwa ba, faɗinsa ɓata wa mutum ci ne kawai. Ka saka masa ƙyamar da ba ta da amfani, ka kunyata masu gida, ka jawo asarar abinci. Ai ba a ba baƙo labarin duk abin da ya faru a madafi. Ba wanda yake ce masa ƙuda ya faɗa an cire, ko mai tuƙin ta yi gumi. Rufin asiri kuma ɗabi'a ce ta mutanen kirki. Wannan magana gaskiya ce har zuwa wani wuri.

Inda ta tsaya shi ne wurin da mai gida ya san, a ransa, cewa da baƙon nan ya gani da ba zai ci ba. Daga nan shirun ya tashi daga kunya ya koma dabara, domin amfaninsa kawai shi ne a sa mutum ya yi abin da ba zai yi ba in da idonsa biyu. Akwai labarin da Buhari da Muslim suka kawo wanda kamar don wannan matsala aka ajiye mana shi. An kawo wa Annabi (SAW) gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, Khalid ɗan Walid yana wurin. Har ya miƙa hannu, sai wata daga cikin matan ta ce a faɗa masa abin da aka ajiye masa. Da aka faɗa, ya janye hannunsa. Khalid ya tambaya ko haram ne, ya ce a'a, sai dai ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci, Annabi yana kallo. A duba abin da ke cikin wannan zama. Naman halal ne, ba ya cutarwa, an sha wahalar gasa shi. Duk da haka matan ba su ce tunda halal ne a yi shiru ya ci ba. Sun faɗa, mai ƙyama ya bari ba tare da ya aibata ba, mai so ya ci ba tare da an hana shi ba, ba kuma wanda ya tashi da ɓacin rai.

Ƙyama ba ta bin hujja, kuma wannan ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka, Paul Rozin, shi da abokan aikinsa, sun tsoma mataccen kyankyaso da aka kashe duk ƙwayoyin cutar jikinsa a cikin lemo, suka cire, suka miƙa wa mutane. Mutanen sun san ba abin da zai same su, amma ransu ya ƙi lemon. Za mu iya cewa wauta ce. Amma ciki nasa ne, shi zai haɗiya, kuma ba mai gida ne zai yanke masa abin da ya kamata ransa ya ɗauka ba. Wanda ya zauna a tabarmarka ya sa hannu a kwanonka bai bi ka madafi ya duba ba, ya bar maka wannan. Abin da ya bar maka ɗin shi ake kira amana. Mai sayen hatsi a kasuwa yana iya zura hannu cikin buhu, ya tauna, ya ƙi saye. Duk da haka an hana mai sayarwa ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya baza busasshen a sama, kamar yadda ya zo a hadisin nan na algus. Baƙo kuwa ko zura hannun ba zai iya ba, ladabi ya ɗaure shi. Idan an hana yi wa mai ciniki haka, wanda yake da damar bincike, ba mu ga yadda za a halatta yi wa wanda ba shi da ita ba.

Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya daɗe yana nazarin ƙasar Hausa, ya wallafa wata lacca a 1974 a kan mutumin kirki, inda ya jero halayen da Hausawa ke auna mutum da su, cikinsu har da gaskiya da amana da karamci da kunya. A takarda suna zaune lafiya, ɗaya kusa da ɗaya. A bakin murhu ranar biki sai ka ga kunya ta shaƙe gaskiya, karamci kuma yana ihu a fitar da abinci ko ta halin ƙaƙa. Mu a ganinmu ba dole ba ne a yanka ɗaya don a ciyar da sauran, domin faɗin gaskiya ba shela ba ce. Ba wanda ya ce a tsaya a tsakar gida a sanar da 'yan biki cewa mage ta sha miya. Hanya mafi sauƙi ba ta ma buƙatar magana: a janye kwanon daga na baƙi, masu gida da suka gani suka kuma san an tafasa su ci abinsu, a rage wa kowane kwano kaɗan a cike gurbin. Wanda bai fitar da kwanon ba, ba shi da abin da zai faɗa. Tuwo ya ragu, amma ba a taɓa jin wanda ya mutu don malmala biyu aka ba shi maimakon uku.

In kuwa ba yadda za a yi, tukunyar guda ce kuma ita ke nan, sai a sami babba a cikin baƙin a faɗa masa a gefe. “Baba, a yi mana haƙuri, mage ce ta sa baki a miyar, mun kwashe mun sake tafasawa. In za a ci ga shi, in kuma a kawo fura ne to.” Ko a cikin gida, uwar biki ta ja yayar ango gefe: “Yaya, wallahi akuya ce ta shammace mu a wainar nan, mun ware wadda ta taɓa, na ce dai gara ki ji daga bakina.” Sau da yawa abin da za a ji shi ne, “Haba, ai ba komai, kawo.” Dattijon da ya tashi a ƙauye ya sha nonon da ɗan maraƙi ya riga shi, ba lasar mage ce za ta tayar masa da hankali ba. Amma “ba komai” ɗin nan daga bakinsa ya kamata ta fito. Idan mai gida ya faɗe ta a madadinsa, a ɓoye, ya ƙwace masa damar yin karamcin da shi ma yake da shi.

Akwai wata mafita da ake bi wadda mutane ke gani kamar ta raba gardama, mu kuwa ita ce ta fi damunmu. A ce kwanon ba zai je zaure ba, a miƙa wa almajirai. Kowa ya huta, abinci bai zube ba, har ana sa ran lada. Amma a tsaya a duba lissafin da aka yi. In abincin lafiyayye ne, me ya hana shi zuwa gaban Alhaji? In kuma ana shakkarsa, me ya sa cikin yaro ɗan shekara tara, wanda uwarsa ke wani gari, ba shi da mai kai shi asibiti in ya kwana yana zawo, ya zama wurin gwaji? Yawanci ma wanda ake ba almajiri ba a tafasa shi, yadda kazar ta bar shi haka ake juye masa a roba. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya hana mutum ya nufi mummunan abin hannunsa ya bayar, irin wanda shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Ba muna cewa a hana almajiri abincin da mage ta taɓa ba, yunwa ta fi lasar mage ciwo. Muna cewa a yi masa abin da za a yi wa na zaure: a cire wurin, a mayar wuta, a kuma gaya masa. Yana iya cewa ba ya so. Almajiri ma yana da abin da ransa ke ƙi, ba a dai cika tambayarsa ba ne. Haka nan kwanon da ake turawa ɗakin yara ko wurin masu wanke-wanke, waɗanda tun asuba suke aiki, su ne kuma na ƙarshen ci.

Ba za a yi adalci ba in aka ɗora komai a kan masu gida. Uwar biki tana ɓoyewa ne saboda ta san 'yan biki. Ta san akwai wadda za ta ci ta ƙoshi, ta ƙulle saura a leda, ta je gida ta ce ai gidan su wance da mage ake cin tuwo. Da can maganar a bakin rijiya take tsayawa, yanzu kafin a watse ta shiga rukunin WhatsApp na dangi, wataƙila har da hoto. Garin da ake mayar da tsautsayin madafi abin gori na shekara goma, garin ne da ya koya wa matansa rufe murfi. An ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Akwai kuma ranar da yana tare da baƙi wata daga cikin matansa ta aiko da akushin abinci, wadda yake ɗakinta ta buge hannun mai kawowa, akushin ya faɗi ya fashe. Ya durƙusa ya tattara abincin da kansa, ya ce wa mutanen uwarsu ce kishi ya motsa mata, ya sa aka mayar wa mai akushi da lafiyayye. Bai ɓoye abin da ya faru ba, bai kuma bar shi ya zama abin kunya ba. Baƙon da aka gaya wa gaskiya a gefe an ba shi ajiya ne, in ya fita da ita waje ya ci amanar da ta fi ta kwanon.

Sai kuma waɗanda ake hucewa a kansu. Kusan kullum mutum biyu ne, in za a kira mage mutum: yarinyar da aka sa tsaro da dabbar da ta ci. Yarinyar sau da yawa 'yar riƙo ce ko 'yar aiki, an ba ta tsaron kwano ashirin, an kuma aike ta ɗebo ruwa, an ce ta riƙe jariri. Ita za ta sha mari. Magen kuma a bi ta da taɓarya, wani lokaci a karya mata ƙugu, ko a sa yara su kai ta daji a buhu. Mage ba ta san walima ba. Ta ji ƙamshin nama a gidan da, saboda hidima, kwana biyu ba wanda ya tuna ya zuba mata komai. Mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Da an jefa mata ƙashi da safe an rufe ta a ɗaki ɗaya da ruwa, da an ɗaure awaki tun daren jajibiri, da an ɗora kwanukan a kan gado an ja ƙofa maimakon a jera su a ƙasa da faifai, da ba a kai ga marin kowa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba yarinyar ce ta gina bangon ba.

Idan akuyar maƙwabta ce fa? Nan ma fiƙihu ya riga mu. A Muwaɗɗa akwai hukuncin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, aka yanke cewa tsaron gona da rana a kan masu ita yake, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu dabbobin ne za su biya. Hukuncin a kan gona ya zo, amma hikimarsa ta dace da al'adar da muke kai: a rani da rana kowa ya san awaki a sake suke, mai girki a tsakar gida shi zai ja ƙyaure. Don haka zuwa ƙofar maƙwabciya da daron waina a ka ana neman biya ba shi da ƙarfi sosai, balle a jefi akuyar a karya ta, wanda zai mayar da mai bin bashi wanda ake bi. Amma maƙwabciyar da aka gaya wa ranar biki tun mako guda, ta kuma san akuyarta ta saba haura katangar nan, igiya ɗaya za ta ɗauka ta ɗaure ta na yini guda. In ba ta yi ba aka yi ɓarna, ko alƙali bai ce ta biya ba, mudun shinkafa da kwalbar mai da za ta aiko da yamma, da “Inna ta ce a yi haƙuri,” sun fi arha a kan gabar da za a yi har bikin 'yarta, inda ita ma za ta buƙaci a ɗaure na wasu.